Daga gonar Babban Mutum zuwa teburin Guangzhou: wa ke cin ribar riɗin Arewa?

A watan Yunin 2025, a birnin Changsha, gwamnatin ƙasar Sin ta bayyana aniyarta ta soke harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka 53 da ke da huldar jakadanci da ita. Eswatini kaɗai aka tsame, saboda alaƙarta da Taiwan. Ga mai sauraron labarai a Kano ko Katsina, sanarwar ta yi kama da sauran maganganun da ake yi a zauren taro, waɗanda ba sa sauya farashin komai a kasuwa. Amma akwai amfanin gona guda da wannan mataki ya shafa kai tsaye, kuma ana noma shi a jigawar da ta shimfiɗu daga Ɓaure zuwa Maigatari, ta tsallaka iyaka har Magariya. Wannan amfanin gona shi ne riɗi.

Babban Mutum, garin kan iyaka a ƙaramar hukumar Ɓaure ta masarautar Daura, yana zaune ne daidai inda dokokin ciniki biyu suka haɗu. A lokacin sanarwar ta 2025, riɗin da aka shuka kudu da shingen kwastan ya kasance yana biyan haraji idan ya isa tashar ruwan Sin, wanda aka shuka arewa da shingen kuwa ba ya biya, ko da iri ɗaya ne kuma damina ɗaya ta raine su. Tambayar da ta dace a yi ita ce ko cire wannan bambanci zai ƙara wa manomi ko sisin kwabo, ko kuwa kuɗin zai tsaya a hannun waɗanda suka saba tsayar da shi. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar amsar ita ce a fara daga inda tafiyar riɗin take ƙarewa.

Abin da ke kan teburin

Guangzhou, wanda Turawa suka daɗe suna kira Kanton, shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin Sin. Daga gidajen shayinsa ne al'adar da ake kira dim sum ta bunƙasa, ta ratsa zuwa Hong Kong, daga can ta bazu duniya. Iyali ko abokan ciniki kan zauna daga hantsi zuwa azahar suna shan shayi, ana kawo musu ƙananan abinci iri-iri a cikin madambatan gora, kowane madambaci da guda uku ko huɗu. Akwai har gow, wato jatan lande da aka naɗe cikin ƙulli mai sharara aka turara. Akwai siu mai, akwai ƙafar kaza da aka dafa har ta yi luguf, akwai shimfiɗar garin shinkafa da ake naɗewa kamar tabarma. Idan aka zuba wa mutum shayi, sai ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu a madadin godiya. Idan butar ta ƙare, sai a ɗaga murfinta a bari, ma'aikaci ya gane.

Abincin da ya fara a matsayin abin taɓawa na matafiya da 'yan kasuwa ya kai matsayin da manyan otal-otal ke gasa a kansa. A jagoran Michelin na 2009, gidan abinci na Lung King Heen da ke otal ɗin Four Seasons a Hong Kong ya zama gidan abincin Sinawa na farko da ya samu taurari uku, matsayi mafi girma a wannan ma'auni.

Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke zuwa sari Guangzhou, ko halartar baje kolin Kanton da ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yakan yi taka-tsantsan da wannan tebur, domin naman alade da kitsensa na cikin yawancin abin da ake kawowa. Shi ya sa Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa a unguwar Xiaobei, inda gidajen abincin halal suke. A Hong Kong kuwa, ɗakin cin abinci na cibiyar Musulunci da ke Wan Chai ya shahara da dim sum na halal.

A ƙarshen cin abincin ne riɗi yake fitowa fili. Jin deui dunƙule ne na garin shinkafa mai danƙo, a cusa masa markaɗaɗɗen jan wake ko 'ya'yan bado mai zaƙi, a birkiɗa shi cikin farin riɗi, a soya har ya kumbura. Bahaushen da ya san kantu ba zai ji baƙon ƙamshi ba. Man riɗi kuma yana cikin haɗin da ake cusawa a yawancin sauran nau'o'in. Gaskiya ne cewa gidajen dim sum kaɗan suke ci daga riɗin da Sin ke saye, domin mafi yawansa masana'antun matsar mai da na markaɗe ne ke lashe shi. Sai dai teburin yana nuna matakin ƙarshe na tsani, inda ake sayar da riɗi da ƙwaya-ƙwaya bayan an saye shi da tiya.

Yadda riɗi ke barin gona

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Ƙasa ce mai rairayi da gajeriyar damina, inda gero da wake da gyaɗa suka zama ginshiƙi. Riɗi ya samu karɓuwa a nan ne saboda yana jure ƙarancin ruwa, ba ya buƙatar taki kamar masara, kuma yana nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Kusan rabin nauyin ƙwayarsa mai ne. Matsalarsa ita ce kwanson yana fashewa da zarar ya bushe, don haka da hannu ake yanke shi, a ɗaure dami-dami, a jingine su tsaye, sannan a kaɗe a kan shimfiɗa. Kowane jinkiri asara ce, kuma duk kaɗewar da aka yi a kan ƙasa tana ƙara yashi a cikin buhu. Abin da ƙaramin manomi ke samu a hekta guda galibi bai kai tan ɗaya ba.

Daga gona, riɗin yakan bi hannu huɗu ko biyar. Mai saye da tiya a kasuwar ƙauye yana tara wa dillali, dillali ya cika mota zuwa Maigatari a Jigawa ko Dawanau a Kano, a can a kai shi injin tsabtacewa a fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, sannan mai fitarwa ya cika kwantena zuwa Legas. Sunan Maigatari ma ya zama sunan wani aji na farin riɗi a bakin masu fitar da kaya. A rahotannin cinikin waje na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, riɗi yana yawan fitowa a sahun gaba na amfanin gonar da Najeriya ke sayarwa, tare da koko da kashu. Japan, Sin, Turkiyya da Indiya na cikin manyan masu saye.

A wannan sarƙa, manomi ne kaɗai ba ya iya jira. Yana sayarwa a kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, domin bashin damina na jiransa kuma hatsin gida ba ya kai shekara. Wanda ke da sito da jari shi ke saye a Nuwamba ya riƙe zuwa Maris. Kuɗin riɗi kuma a gidan talaka kuɗin gero ne da magani, abin da ke da nauyi a jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu sakamakon tamowa a cibiyoyinta cikin wata shida na farkon 2025. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kashi 10 da ya raba gona biyu

Sin ce ƙasar da ta fi kowace sayen riɗi a duniya, kimanin tan miliyan ɗaya a shekara, kuma kaso mai yawa daga Afirka yake zuwa. Harajin da take ɗora wa riɗin ƙasashen da ba su da rangwame na musamman kashi 10 cikin ɗari ne. Tun shekarun 2000 ta yafe wannan haraji ga ƙasashen Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya a rukunin mafiya ƙarancin ci gaba, kuma daga 1 ga Disamban 2024 ta faɗaɗa yafiyar zuwa dukkan kayayyakin ƙasashe 33 na nahiyar. Nijar na cikin wannan rukuni, haka Togo, Habasha, Sudan, Tanzaniya da Mozambik. Najeriya ba ta ciki.

Don a ga nauyin abin, a ɗauki misali. Idan aka ƙaddara tan ɗaya ya isa tashar ruwan Sin a kan dala 1,500, harajinsa dala 150 ne. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19, wato harajin kwantena guda ya doshi dala 2,850. A kasuwancin da ribarsa siririya ce, wannan tazara ta isa ta sa mai saye ya juya baya. A 2025, mai fitar da riɗin Najeriya ya kasance yana da zaɓi uku: ya rage farashinsa har ya yi daidai da na maƙwabcinsa, ya nemi kasuwar Japan ko Turkiyya, ko kuma kayan su samu takardar asali ta wata ƙasa. Zaɓi na farko a kan manomi yake ƙarewa, domin abin da aka rage a Qingdao a Dawanau ake cire shi, abin da aka cire a Dawanau kuma a kasuwar ƙauye ake fanshe shi.

Zaɓi na uku yana da alama a cikin alƙaluma. Nijar da Togo sun kasance cikin manyan masu sayar wa Sin riɗi a shekarun baya-bayan nan, kuma abin da ke isa can da sunansu ya yi wa abin da ƙididdigar nomansu ke nunawa yawa. Masu nazarin wannan kasuwa sun daɗe suna danganta giɓin da riɗin ƙasashen maƙwabta da ke tsallaka iyaka ya sauya suna. Faɗuwar darajar naira bayan sauyin tsarin canji na Yunin 2023 ta ƙara wa mai riƙe da sefa ƙarfin saye a kasuwannin kan iyaka.

Ga manomin Ɓaure ko Zango, wannan ba lallai ya zama sharri ba. Mai saye na biyu a kasuwa yana ɗaga farashi, kuma dangantakar Daura da Damagaram ta girmi shingen da Ingila da Faransa suka shata. Wanda ke asara ita ce baitulmalin Najeriya, domin kayan da suka fita ba tare da takardar NXP ba, dalarsu ba ta dawowa ta bankunan ƙasar, kuma ba sa shiga lissafin cinikin waje.

Sai dai ita wannan ƙofar ba ta da tabbas. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, ta kuma hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban wannan shekarar, matakin da ya tsananta rayuwa a garuruwa irin Babban Mutum da Kongolam. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ECOWAS ya sake rufe hanya, har sai da aka ɗage shi a Fabrairun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa a watan Maris. Nijar ta fice daga ƙungiyar a hukumance a Janairun 2025, ta kuma ci gaba da rufe iyakarta da Benin, abin da ya tilasta wa kayanta bin doguwar hanya mai haɗari ta Burkina Faso zuwa Lome. Farashin riɗin manomin kan iyaka yana hawa da sauka ne bisa shawarwarin da ake yankewa a Abuja da Yamai da Beijing, ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Abin da soke harajin zai iya yi, da inda ƙarfinsa ya tsaya

Da zarar yafiyar ta kankama a kan kayan Najeriya, dalilin sauya wa riɗi suna zai ragu ƙwarai. Hanyar Kano zuwa Legas za ta fi ta Lome ma'ana, dala za ta ƙara shigowa ta hanyar da doka ta tanada, kuma mai fitar da kaya zai iya yi wa masu matsar mai na Sin tayi daidai da na ɗan Habasha ko Tanzaniya. Wannan riba ce ta gaske.

Amma akwai dalilai uku da ke hana a ɗauka cewa kashi 10 ɗin zai gangaro gona da kansa. Na farko, kasuwar ta cika da sababbin masu gasa. A Nuwamban 2024, yayin ziyarar Shugaba Xi Jinping, Sin ta buɗe wa riɗin Barazil ƙofa. A can ana noma shi da injuna a manyan gonaki, a matsayin amfani na biyu bayan waken suya. Pakistan ma ta faɗaɗa cinikinta albarkacin yarjejeniyar ciniki marar shinge da ke tsakaninta da Sin. Giɓin da yaƙin Sudan ya buɗe tun Afrilun 2023 wasu sun riga sun shiga cike shi. Idan kaya suka yi yawa, mai saye ne ke cinye rangwamen haraji ta hanyar rage tayinsa.

Na biyu shi ne inganci. Haraji ƙofa ɗaya ce kawai, bayanta akwai ta gwajin ɗakin bincike. Masu saye na duba yawan yashi, laima, ragowar maganin ƙwari da ƙwayar cutar salmonella. Najeriya ta san ɗacin wannan: tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wakenta saboda sinadarin dichlorvos da ake zuba masa a sito. A Maris na 2024, shugabar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, Ngozi Okonjo-Iweala, ta ƙaddamar da wani shiri na dala miliyan 1.2 a Abuja domin gyara ingancin riɗi da waken da ake fitarwa. Kuɗin ƙalilan ne idan aka auna da girman matsalar, wadda tushenta ke wurin shanya da wurin ajiya a ƙauye.

Na uku shi ne tsarin kasuwar cikin gida. Inda manoma dubbai ke sayarwa ga masu saye ƙalilan, kuma ba su san farashin Dawanau na ranar ba, duk ƙarin da ya shigo daga waje yana tsayawa ne a matakin da ya fi ƙarfin ciniki. Mai saye da tiya kan biya farashi ɗaya ga riɗi mai tsabta da mai yashi, don haka babu abin da ke ƙarfafa wa manomi gwiwar sayen tamfol.

Baƙo a bakin gona

Duk lokacin da aka yi maganar Sin da kasuwannin Arewa, abin da ke faɗo wa mutane shi ne Kantin Kwari. Tarihin ya fi haka tsawo. A shekarun 1960, attajirin Hong Kong Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, wadda ta ɗauki dubban ma'aikata kafin ta rufe a 2007, a lokacin da atamfa mai araha daga Sin ta mamaye kasuwa. A 2012 jami'an shige da fice sun kama Sinawa masu sayar da yadi a Kano bisa zargin yin cinikin da izininsu bai ƙunsa ba. A Afrilun 2019 kuma Sarki Muhammadu Sanusi II ya naɗa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China. Dangantakar ta ƙunshi masana'anta, gasa, ƙorafi da sulhu duka.

Irin wannan ƙorafi ya shiga kasuwar amfanin gona. A Maris na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da tsarin da ya hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga hannun manoma, sai ta hannun wakilan saye 'yan ƙasa masu lasisi. An gabatar da matakin a matsayin kariya ga manomi. Amma yana da kyau a tambayi wanda ya fi amfana. Baƙon da ya iso kasuwar ƙauye da kuɗi a hannu barazana ce ga dillali kafin ya zama barazana ga mai gona. Akwai haɗari na gaske idan kamfani guda ya kori sauran masu saye sannan ya karya farashi, kuma aikin hukuma ne ta hana hakan. Rage yawan masu saye da ƙarfin doka kuwa, ba tare da an ba manomi sikeli na gaskiya da bayanin farashi ba, sauya wanda zai ci ribar kawai yake yi.

Gyaɗa da kaɗanya sun riga sun ba da darasi

Arewa ta taɓa tafiya wannan hanya. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa, har aka kai ga dalar buhunan da ake alfahari da hotunanta. Hukumomin sayen amfanin gona sun riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya suna riƙe rarar, kuma da fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka zo, manomin bai da abin da zai jingina da shi. An rushe hukumomin a 1986, amma ba a maye gurbinsu da wani abin da ke kare ƙaramin manomi ba.

Amsar da 'yan siyasa suka fi so a yau ita ce a daina fitar da ɗanyen kaya. A 26 ga Agustan 2025, Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya sanar da dakatar da fitar da ɗanyen kaɗanya na wata shida, domin masana'antun gida su samu abin sarrafawa. Farashin kaɗanya ya faɗi nan take, kuma matan karkara masu tsinto ta ne suka fara jin zafin. Idan aka yi wa riɗi irin wannan, sakamakon a garin kan iyaka a bayyane yake: farashi zai karye a kudu da shinge, buhuna kuma su bi hanyar daji zuwa arewa.

Sarrafa riɗi a gida manufa ce mai kyau, amma tana da matakai. Tsabtacewa da tantance launi da inji, da ɓare ƙwayar don masu burodi da kayan zaƙi, ayyuka ne da ake yi a Kano tun yanzu kuma ana iya kusanto da su wuraren noma. Matsar mai domin kasuwar Sin ya fi wuya, domin masana'antun can sun fi son ƙwaya su soya su matse bisa ɗanɗanon masu sayensu. Kasuwar man riɗi da kantu ta cikin gida da ta Afirka ta Yamma ita ce ta fi kusa, kuma ita ce aka fi sakaci da ita. Duk waɗannan suna buƙatar wutar lantarki da bashi mai sauƙin ruwa, abubuwan da haramci ba ya samarwa.

Abin da ya kamata a tambayi masu neman ƙuri'a

Daura ba ta rasa alamun huldar Najeriya da Sin ba. A Disamban 2019 aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a garin, wadda kamfanin CCECC ya ɗauki nauyin ginawa a kan dala miliyan 50. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil na Fotugal, ya ratsa ta Daura. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Kano da aka buɗe a Janairun 2023, da ta Funtuwa a Mayun 2024, ga tashar ruwa mai zurfi ta Lekki da kamfanin China Harbour ya gina. A takarda, hanya daga Ɓaure zuwa teku ta kusa haɗuwa. A aikace, cinikin ƙasashen biyu da ya haura dala biliyan 20 a shekara ya rinjaya ƙwarai zuwa ɓangaren kayan da Najeriya ke sayowa, kuma kwantenonin da ke kawo yadi da wayoyi Kano ba sa komawa da kaya daidai da abin da suka kawo.

Yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, matasan masarautar na da tambayoyin da za a iya auna amsarsu. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa da shugabannin ƙananan hukumomi biyar ɗin za su iya sanya sikelin hukuma a manyan kasuwannin riɗi, a riƙa saye da kilo maimakon tiyar da girmanta ke sauyawa daga hannu zuwa hannu. Za a iya sanar da farashin Dawanau da Maigatari kowace safiya a rediyo da saƙon waya. Za a iya gina sito na ƙungiyoyin manoma inda rasidin ajiya zai zama jinginar bashi, domin manomi ya iya riƙe buhunsa zuwa bazara. Ingantaccen iri da Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi ta fitar yana buƙatar malamin gona da zai kai shi ƙauye. 'Yan majalisar tarayya na shiyyar kuma suna da hurumin neman Ma'aikatar Ciniki ta bayyana sharuɗɗan da Najeriya za ta amince da su a madadin yafiyar haraji, domin yarjejeniyar ciniki ba ta zuwa hannu rabbana, kuma masaƙun Kano da Kaduna shaida ne a kan abin da buɗe ƙofa babu shiri ke jawowa.

Akwai ma'auni guda da kowane mai wayar hannu zai iya bibiya. A rubuta farashin buhun riɗi a Dawanau da farashinsa a kasuwannin Ɓaure da Mai'aduwa a rana ɗaya, a kakar bana da ta baɗi. Idan tazarar ta ragu bayan an cire harajin, to yafiyar Beijing ta iso gona. Idan farashin Dawanau ya tashi na ƙauye ya tsaya inda yake, to kashi 10 ɗin ya sauka a wani wuri tsakanin Kano da Legas, kuma ya kamata a nemi sanin a hannun wa.